Takalmin da ban tuɓe wa Bature ba

Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin kakana da takalmi ba. Ba talauci ba ne, yana da shanunsa. A zamanin samartakarsa, in Baturen mulki zai wuce, dole kowa ya tuɓe takalmi ya tsuguna a gefen hanya. Ƙanensa ya ƙi. Aka ɗaure shi a jikin tsamiya aka yi ta tsula masa bulala, bai ga damina ba ya cika. Daga nan mazan ƙauyenmu suka daina sa takalmi gaba ɗaya, don kada a samu abin da za a tuɓe. A maƙera kuma ana ta ƙera kibau, ana jiran ranar yaƙi. Sojoji suka riga su. Kakana yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira, kuma bai taɓa faɗa mana abin da ya taka ba sa'ad da yake gudu. Sai dai ya sa mu rantsuwa: jininsa ba ya tuɓe wa Bature.

Na rantse da sauri, don a lokacin ko Bature ɗaya ban taɓa gani ba.

Ga ni da furfura a Doha, ni da aka kora daga firamare saboda barci, ina tuƙa motar wani Balarabe, kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. Wata rana ya ce in kai kwalaye gidansa na haya a Al Thumama. Ɗan hayar Baturen Ingila ne, tsoho, mai fara'a. Ya nuna kafet ɗinsa fari, ya nuna ƙafata, ya yi murmushi.

Na ce na manta wani kwali, sai gobe. Na juya da kayan duka.

A ɗakinmu na Al Muntazah na gaya wa abokin zamana, mutumin zangon Kumasi, mai gadi ne.

Ya ce, "Baba, kullum kana tuɓewa a majalisar kafil, ban ji ka yi kuka ba."

"Wannan Balarabe ne."

"To kafet ya san bambanci? Yalla, maza tuɓe ka kai kaya. A shekarunka wa zai sake ba ka mota?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Washegari na yi dabara irin ta gidanmu. Na bar takalmin a ɗaki, na tuƙa motar ƙafa a ƙasa. Abin da ban lissafa ba shi ne kakana ƙasar Hausa ya taka, ni kuwa daɓen siminti zan taka a tsakiyar zafin Doha, da azahar. Daga mota zuwa ƙofa na ji kamar ana toya ni a kasko. Na yi ta kai da komo, ina murmushi kamar ango, har kwalayen suka ƙare.

Baturen ya dubi ƙafata, fuskarsa ta canza. Ya kira kafil ya yi masa faɗa, wai ya bar dattijo babu takalmi. Kafil ya ji kunya, kunyar ta sauka a kaina. "Khalas," ya ce, wato shi ke nan, ya karɓe makullin motar. Yanzu ƙofar wani sito nake tsaro a Al Asmakh.

Motar ba ta dame ni sosai ba. Abin da ban gaya wa kowa a ɗaki ba shi ne wannan. Da na ajiye kwalin ƙarshe, Baturen ya matso kusa da ni yana magana a hankali. Tausayina yake ji, na sani. Amma sai na ji gwiwoyina sun fara lanƙwashewa da kansu, kaina yana sunkuyawa. Ba wanda ya ce in tsuguna. Ba a taɓa koya mini ba. Sai da na kama bakin ƙofa na riƙe da ƙarfi.

Har yau in na zauna a bakin siton nan, nakan dafa gwiwoyina in yi ta kallon su. Ban san ko gwiwoyin wa nake ɗauke da su ba.