Zane Uku Kusa da Mariƙi

Shekara talatin kawuna ya yi yana wasa wuƙa da almakashi a bakin ƙofar masaƙa. Mutum ne mai shegen alfahari da aikinsa. Duk ƙarfen da ya bi ta kan dutsensa sai ya yi masa zane uku kusa da mariƙi, wai don a san hannun gwani ya taɓa shi. Mukan tsokane shi mu ce saura cokulan gida.

Da aka rufe masaƙar, teloli suka watse, masu abinci suka kwashe rumfunansu. 'Ya'yan ma'aikatan da aka sallama suka tashi ba aikin fari ba na baƙi sai zaman ƙarƙashin gada, kuma su ne suka koma masu kawo masa wuƙaƙe. Ya san ba albasa za su yanka ba. Mahaifiyata ta yi masa magana har bakinta ya gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce, da wannan aikin yake riƙe ɗansa namiji tilo a makaranta, don kada ya ƙare a cikinsu.

Ɗan kuwa, Dogo muke ce masa, ya gama karatun. Shekara uku yana yawo da takardu a ambulan har ta yi laushi kamar tsumma. Duk ofishin da ya shiga sai a tambaye shi wa ya aiko shi. Har gobe ina jin haushin mutanen nan. Daga ƙarshe ya jefa takardun ƙarƙashin katifa ya koma lodin motoci a tasha, inda samarin layi biyu ke rigima kan wa zai riƙe wurin.

Wata Laraba da tsakar rana aka soke shi a ciki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A ofishin 'yan sanda aka ajiye wuƙar da aka soke shi da ita kan tebur cikin leda, aka tambayi kawu ko ya san mai ita. Ya juya ledar a hankali, ya ga zane uku.

"Ban san mai ita ba, ranka ya daɗe," in ji shi. "Amma ni na wasa ta."

Bayan sati biyu ya koma kan dutsensa, don akwai ƙannen Dogo mata huɗu a gida, kuma ciki bai san makoki ba. Samarin na nan suna kawowa, shi kuma yana wasawa. Zanen kawai ya daina.