Ranar da Aka Ƙirga Kwanukana

Shekarar da ciwon ido ya matsa mini, likita a Karaye ya ce hayaƙin murhu ne, in rage zama a kansa. Na ce to, likita, wa zai tuƙa tuwon? Ana cikin haka sai ga labari wai wasu mutane za su kawo sabon murhu unguwarmu a Zoza, mai cin itace kaɗan, wanda ba ya tada hayaƙi sosai. Mu ba da kaɗan, su cika sauran. Amma ba kowane gari za a kai ba, sai sun yi lissafi tukuna: itace nawa ake ƙonawa, nawa zai ragu, kuma ko kuɗin da za su kashe zai biya. Wai hayaƙinmu da na motoci ne ke taruwa a sama, yana ƙara zafi, yana rikita damina.

Wata budurwa ce suka turo gidanmu, da takarda da biro. Muka gaisa sosai, na ba ta ruwa, sannan ta ce, "Inna, mutum nawa kike dafa wa abinci?"

Ni kuwa tun tasowata ban taɓa jin mahaifiyata ta ƙirga 'ya'yanta da baki ba. Ba a yi, ana tsoron baki. Na ce, "Alhamdulillahi, mu 'yan kaɗan ne."

"Kamar nawa, Inna?"

"Rubuta huɗu."

Ta dubi tukunyata, wadda sai mutum biyu ke sauke ta, ta dube ni, ta rubuta. Ashe duk matan unguwa haka suka yi mata.

Bayan sati biyu maigida ya dawo daga wajen mai unguwa, ya ce lissafi ya fito. Wai mu ba ma ƙona wani itacen kirki, kuɗin kawo murhun ya fi amfaninsa, don haka garin Gwangwan za a kai.

Na ce, "Mu? Ni da kullum sai na cinye dami guda?"

Ya ce, "Ke kika ce huɗu. Ni dai ina so in sani, ina cikin huɗun ko an cire ni?"

Shi yana ta dariya. Ranar ina hura wuta hawaye na zuba, ban san na hayaƙi ba ne ko na takaici. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, wallahi mu muka cuci kanmu."

Ran Laraba sai ga budurwar nan ta dawo, riƙe da sikeli mai ƙugiya irin na masu sayen gyaɗa. Ta ce, "Inna, tukunyar nan taki ta ƙi fita daga raina. Kakata ma ba ta ƙirga mu. Yau ba zan tambayi yawan mutane ba, ki yi girkinki kawai."

Ta auna itacen kafin in hura wuta, ta zauna a tabarma tana ta tari tare da ni. Da na zo kwasa na jera kwanuka kamar kullum: na maigida da baƙinsa a zaure, na tsohuwar bayan gidanmu da ba ta da kowa, na matar rugar da ke kawo mana nono, na masu taya mu roron gyaɗa, sai na cikin gida. Ta ce, "Waɗannan fa, in ƙirga?"

Na ce, "Ƙirga abinki, 'yar nan. Kwano ai baki ba ya kama shi."

Goma sha biyu. Maƙwabciyata, da kunnenta ke katanga, ta ce, "Mutum huɗu, kwano sha biyu! Yaya, ashe kowa uku yake tashi da shi a gidanku?"

Na ce, "Bari a zo naki, mai mutum uku!"

Kwana uku yarinyar nan tana bin gida gida, tana auna itace tana ƙirga kwano. Ta tafi da takardunta, muka yi ta jira, kullum ina tambayar maigida ko an ji wani abu. Kafin ruwan farko murhu ya iso, kuma masu girma aka kawo, daidai tukwanenmu.

Tuwona na farko a kansa sai da ya kama, don wutarsa ba ta da wasa. Yanzu dami ɗaya yana kai ni kwana biyu har da saura. Da kaka ta zo na zauna ɗinke buhun gyaɗa, na zura zare a allura da kaina, sau ɗaya, ban kira kowa ba.