Tsiron alkamar maƙwabcinmu Dita

Ina da shekara tara aka kawo mu unguwar Thamesmead a Landan, ni da ƙanena Sadiƙu, cikin wani dogon benen siminti da iska ke ratsa tagoginsa ko an rufe su. Baba yana aikin haɗa magunguna a asibiti, Mama tana karatu, don haka aka ɗauko mana Kaka, mahaifiyar Baba, daga ƙauyensu na ƙasar Malumfashi. Har ta koma gida ba ta saba da Landan ba. Abu ɗaya ta aminta da shi a gidan, hitar gas ta falo, saboda tana da harshen wuta da ido ke gani. Da an idar da sallar magariba sai ta ja tabarmarta gaban hitar, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ku matso, ga wata baƙuwa ta iso daga nesa." Haka take buɗe tatsuniya. Ni in ce, "A yi mata shimfiɗa." Sadiƙu kuwa, da Turanci ya riga ya kama masa harshe, "okay" kawai yake cewa. Ta harare shi ta ce, "Maigidana, wannan bakin naka sai na kai shi gyara."

Ƙofarmu tana kallon ta wani tsoho Bajamushe mai suna Dita. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Ranar Asabar yakan dafa giya a kicinsa, baƙar giyar alkama irin ta garinsu. Da farko baranda takan cika da ƙamshi kamar ana gasa gurasa. Bayan kwanaki, idan bokitinsa ya fara tashi, sai ƙamshin ya koma na nunanniyar ayaba da kanumfari. Baba ya tsani abin. Wata Asabar ya shigo ransa a ɓace ya ce, "Gidan musulmi, yara suna shaƙar giya safe da yamma? Ranar Litinin zan kira council, hukumar gidajen nan." Mama ta ce masa tsohon ba shi da kowa, idan ƙara ta yi yawa a kansa ana iya tashinsa daga flat ɗin. Baba ya ce shi ya jawo wa kansa.

Kaka tana jin su. Da yamma ta yi, Baba yana kan kujera da jarida, sai ta fara tatsuniya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wata tsohuwa ce ruwan sama ya shiga rumbunta, dawarta ta jiƙe ta tsira. Maƙwabta suka ce ta zubar. Ita kuwa ta shanya, ta niƙa, ta zuba a kunu. Sai kunun ya saki, ya yi zaƙi, alhali ba ta sa zuma ba. Ragowar da ta manta a tukunya kuma, bayan kwanaki aka tarar tana tafasa ba tare da wuta ba. Tsohuwar tana da 'ya'ya mata biyu, Lami da Talatu. Da ta rasu, Lami ta gaji kunun, Talatu ta gaji tukunyar mai tafasa. Lami ta yi aure a tsallaken kogi, cikin masu salla, ta zama ɗaya daga cikinsu. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke tsakanin gidajen biyu. A sabon gidan Lami da zuma ake shan kunu, har ta daina yin tsiro.

Ana nan sai ɗan Lami ya kwanta ciwo. Tuwo ba ya wucewa, kunu mai kauri ya tsaya masa a wuya, tsinkakke kuma ruwa ne kawai, ba ya riƙe ciki. Yaro yana ramewa a gaban idonta. Sai ta tuna kunun uwarta, mai ƙosarwa amma yana zuba kamar madara. Ta yafa zane ta haye kogi.

"Ta tarar da Talatu tana juya tukunya," in ji Kaka. "Talatu ba ta ce mata ina kika shige ba. Ta ɗebo tsiro cike da ƙwarya ta miƙa mata. Ba ta ba ta ƙoƙon giya ba, don ta san ba ta sha. Lami kuma ba ta toshe hanci ba."

Na ce, "Kaka, daga nan suka shirya?"

Ta ce, "Yaron dai ya tashi. Ya girma, ya yi karatu, ya yi nisa. Ban ji an ce ya taɓa haye kogin ba. Nan baƙuwar ta yi sallama, ni ma nan na tsaya."

Baba ya ninke jaridarsa ya shige ɗaki.

Washegari Kaka ta ja ni muka ƙwanƙwasa ƙofar Dita, ni ce tafinta. Tsohon ya tsorata da farko, ya zaci faɗa muka zo. Da na gaya masa tsiro take so, sai ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ya nuna mana buhunansa, tsiron alkama da na sha'ir, wani fari, wani an gasa shi ya yi duhu, shi ne mai ba giyar launinta. Ya yi ta bayani da hannu: yadda yake jiƙa barzajjen tsiron a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, ya tace, ya dafa ruwan da wani ganye mai ɗaci, ya bar shi ya huce kafin ya zuba yis. Kaka tana gyaɗa kai tun kafin in fassara. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta ce, "Ki ce masa ya tsira da kyau, amma wuta ta ɗan yi masa yawa." Dita ya yi dariya har da hawaye, ya ce matarsa ma haka take cewa.

Ya cika mata leda da farin tsiro. Ta dama kunun zaƙi da gero, ta aika masa da jug guda. Baba ya sha nasa a tsaye. Litinin ta zo ta wuce bai kira kowa ba. Abota dai ba su yi ba, amma da tsufa ya kwantar da Dita, Baba ne ke hawowa da magungunansa.

Na daɗe ina ɗaukar cewa Kaka ta shirya tatsuniyar ce don ta ceci maƙwabci. Sai da ta rasu, ina gab da gama jami'a, muka je gida zaman makoki. Rana ta biyu wata tsohuwa ta shigo da sanda, ta zauna can gefe ita kaɗai. Fuskarta fuskar Kaka ce sak. Na tambayi wata gwaggona, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Talatu ce, ƙanwarta. Suna can tsallake, ba su musulunta ba. Burkutu take dafawa."

Ashe ko sunan Talatu, Kaka ba ta sake shi a tatsuniyar ba. Ta haifi Baba, ɗan fari, kunya ba ta barinta ta kira sunansa, balle ta zaunar da shi ta ce masa yana da uwa ta biyu da yake gudu. Sai ta sa roƙonta a bakin tatsuniya, ta faɗa wa jikoki, don ɗan ya ji. Yau idan na ji mutum yana rarrabe mutane gida biyu, namu da nasu, ita nake tunawa. Ba ta taɓa ɗanɗana giya ba bayan ta musulunta, ba ta kuma taɓa yarda cewa hannun da ke dafa ta ya daina zama na 'yar'uwarta ba.

Baba ya daɗe yana kallon tsohuwar daga inda maza suke zaune. Can ya tashi, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanta a gaban kowa. Ta laluba fuskarsa da hannu biyu, don idonta ya yi rauni.

Ta ce, "Kai ne ɗan da ya ƙi haɗiya?"

Ya ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To, ka ci abinci yau?"