Abba, Mukhtar da Farautar Beyar

Da hantsin wata Talata ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Wangsa Maju a Kuala Lumpur, ina jiran jirgin da zai kai ni makaranta, sai wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Mukhtar, ɗalibin mahaifina, sai da na yi jim, domin ni da shi ba mu saba kiran juna ba. Na ɗauka. Numfashinsa na fara ji. Can ya ce, "Nasiru, sai dai mu yi haƙuri. Abba ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jirgin ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce, ina nan inda nake.

Tun bayan sallar asuba suka shiga dajin da ke bayan Gombak, shi da Mukhtar, don duba na'urorin ɗaukar hoto da suka ɗaure a jikin itatuwa. A hanyar dawowa mahaifina ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Ya zauna a gindin wata bishiya, ya jingina kansa da kafaɗar Mukhtar, ya yi kalmar shahada. Kafin a fito da shi bakin titi rai ya yi halinsa. Na gode wa Allah da bai cika shi kaɗai ba. Amma bayan salati, tambayar da ta fara zuwa mini ita ce: me ya sa kafaɗar Mukhtar, ba tawa ba?

Hausawan unguwar Setapak sun fi sanin mahaifina da Malam Ya'u mai beyar. A wani ƙauye a gefen dajin Falgore aka haife shi, ɗan maharbi ne jikan maharbi. Boko ta ɗauke shi, amma ba ta raba shi da daji ba, domin ilmin namun daji ya karanta, har ya yi digirinsa na uku a Kanada. A can ya haɗu da beyar, wata ƙaƙƙarfar dabba mai gashi da farata, wadda kan miƙe a kan ƙafa biyu kamar mutum, kuma babu ita a ƙasarmu. Ita ce ta kawo mu Kuala Lumpur, domin a dazuzzukan nan akwai wata ƙarama baƙa mai tabon rawaya a ƙirji, kuma wata jami'a ta ɗauke shi koyarwa da bincike a kanta.

Mutum ne marar hayaniya. Ba a jin takunsa, sai dai ka ɗaga kai ka gan shi a falo. Idan sabon ɗalibi ya sauka daga gida bai san kowa ba, Abba ne zai je filin jirgi ya ɗauko shi, ya kwana a ɗakina har ya samu masauki. Ba ya tashi daga shagon mamak, wato gidan shayi da abinci na bakin layinmu a Taman Melati, sai ya ce a yi masa tapau, wato ƙunshin tafiya da shi, na gurasar roti biyu, ya miƙa wa mai gadin gidanmu. Idan ɗalibai suka kawo masa ƙarar juna, yakan bar kowa ya faɗi tasa har ya gaji. Yakan ce, "Wanda ya yi saurin magana a daji ba ya ganin komai. A gida ma haka ne."

Haka Mukhtar ya zo mana, a ɗakina ya fara kwana. Ɗan birnin Gusau ne, gwamnati ta turo shi yin digiri na uku a ƙarƙashin Abba. Bai taɓa riƙe ko danƙo ba. Ranar da biri ya leƙo ta tagar kicin ɗinmu, sai da ya zubar da shayinsa. Ni kuwa tun ina ƙarami nake roƙon Abba ya tafi da ni daji. Na yi fama da asma a yarinta, don haka kullum amsar ɗaya ce, "Sai ka ƙara ƙwari." Na ƙara ƙwarin, asmar ta tafi, na shiga karatun kwamfuta, amsar ba ta sauya ba.

Wata shekara tsofaffin abokan aikin Abba na Kanada suka gayyace shi. A can, idan hunturu ya ƙare ƙanƙara ta fara narkewa, wajen watan Mayu, ana buɗe farautar beyar ga masu lasisi. Masu bincike kan bi maharban don ɗaukar gashi da haƙori daga abin da aka harba, su kuma su harbi wasu da allurar barci su sanya musu abin wuya mai na'ura. Abba bai taɓa kashe beyar ba. Yakan ce tun da ba ma cin namansa, ba shi da hujjar ɗaukar ransa. Amma dabarar kusantarsa ɗaya ce, ko harsashi ke hannunka ko allura. An ce ya zo da mutum ɗaya. Ya zaɓi Mukhtar.

Daga nan falonmu ya koma makaranta duk Asabar. Ni ina kan teburin cin abinci da kwamfutata kamar ina aiki, alhali kunnena na wajensu.

"Beyar ya yi watanni yana barci a rami," in ji Abba. "Ya fito da yunwa, cikinsa bai shirya wa nama ba. Ina za ka neme shi?"

Mukhtar ya sosa ƙeya. "Bakin ruwa, Malam?"

A raina na ce, inda sabuwar ciyawa ta fara tsiro. Na sha jin wannan tun ina firamare.

"Nemi abincinsa, kada ka neme shi," Abba ya ce. "Gefen dutsen da rana ta fi duka, can ƙanƙara ke fara narkewa, can ɗanyar ciyawa ke fara fitowa. Ka samu waje mai tsayi a ɗaya gefen kwarin, ka zauna da madubin hangen nesa, musamman daga la'asar. Sabon shiga yana gajiyar da ƙafarsa, wanda ya sani yana gajiyar da idonsa. Ka zauna har ƙafarka ta mutu, sannan ka ƙara zama."

Ya koya masa duba kashin dabbar, idan kore ne mai laima to tana kusa. Ya koya masa bambance babba da ƙarami daga nesa: ƙarami dogayen ƙafafu gare shi da manyan kunnuwa, babban namiji kuwa kunnuwansa ƙanana ne a gefen kai, cikinsa na kusa da ƙasa, yana tafiya kamar dajin gadonsa ne. Abin da ya fi nanatawa shi ne zancen uwa. "Takan kora 'ya'yanta kan bishiya ta sauko ita kaɗai tana kiwo. Idan ba ka tabbata namiji ne ba, to mace ce. Idan mace ce, to tana da 'ya'ya. Ka jira, ka ƙara jira. Gara ka koma gida hannu wofi da ka bar marayu a kan reshe."

Duk na san waɗannan. Da ni aka tambaya da ban sosa ƙeya ba. Amma ba a tambaye ni ba, sai dai Abba ya waiwayo ya ce, "Nasiru, sauka ka yi mana tapau na shayin teh tarik."

Sau ɗaya aka tafi da ni. Akwai wani dutse a bayan unguwarmu da mutane ke hawa don motsa jiki, can suke zuwa da safe don gwaji. Na nace, Umma ta sa baki, Abba ya ce in zo. Na yi wanka, na sa sababbin takalma, na fesa turare kamar yadda na saba. Da muka kai rabin hawa Abba ya fito da wata tsohuwar safa da ya cika da toka, ya girgiza ta, tokar ta bi iska.

"Beyar ba ya gani sosai, amma hancinsa ya fi idonka da kunnenka a haɗe," ya ce wa Mukhtar. "Kullum iska ta riƙa dukan fuskarka. Idan ka ji ta a ƙeyarka, farauta ta ƙare, koma gida. Kuma a dutse iska na hawa sama da safe, ta gangaro da yamma." Sai ya tsaya ya shaƙa. "Wa ya sa turare?"

Na ce ni ne.

Ya yi dariya har da riƙe gwiwa. "Ai kai ko beyar ɗin da ke can jihar Pahang ya san ka fito yau."

Mukhtar bai yi dariya ba, ya kawar da kai. Na fi jin haushin wannan kawar da kan fiye da dariyar.

Suka tafi, suka yi makonni. Hotuna suka riƙa shigowa wayar Umma: ga su cikin manyan riguna, ga su suna salla a kan ciyawa ƙanƙara na bayansu, ga Mukhtar durƙushe kusa da wani baƙin beyar mai barci, hannun Abba a kafaɗarsa. Da suka dawo Abba ya ba da labarin a gaban jama'a bayan Juma'a. Wai wata la'asar wani maharbi ya ɗaga bindiga a kan wani beyar da ke kiwo shi kaɗai, Mukhtar ya taɓa hannunsa ya ce ya dakata. Suka jira har mutumin ya fara ƙunƙuni. Can sai ga 'ya'ya biyu suna saukowa daga bishiya. Abba ya ba da labarin nan ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin fuskarsa sai ta yi wani haske da ban taɓa gani ba, ko ranar da na kammala digirina na farko.

A tafiyar nan ne kuma Mukhtar ya daina cewa Malam. Ranar da na fara jin ya ce "Abba" a falonmu, Hanifa ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, you have a new brother lah," wato na yi sabon ɗan'uwa. Kowa ya yi dariya. Na tashi na shiga ɗaki.

Sau ɗaya tak na yi wa mahaifina maganar. Muna zaune mu biyu a shagon mamak da yamma, yana tsoma roti cikin miya. Na ce, "Abba, ni fa? Duk abin da ka koya masa na sani. Me ya sa ba ka taɓa gwada ni ba?"

Ya ajiye rotin, ya goge hannunsa, ya dube ni. "Na san ka sani," ya ce. "Ina ganin bakinka yana motsi a kan tebur. Nasiru, idan Mukhtar ya ɓata a daji, zan zauna in yi tunani, in bi sawunsa, in samo shi. Idan kai ne ka ɓata, ba ni da hankalin da zan neme ka da shi."

Na ji daɗin maganar nan na ɗan lokaci. Amma da Asabar ta zagayo na ji ƙarar motarsa suna fita su biyu, sai abin ya dawo mini sabo. Ƙaunar da ta ajiye ni a gida ita ce ta ba wani safiyoyin mahaifina, da hirarsa ta cikin mota, da shirunsa na daji.

A nan Kuala Lumpur muka yi masa sutura, kamar yadda ya sha cewa duk inda ya faɗi a nan za a rufe shi. Ni da Mukhtar da limamin unguwa muka yi masa wanka. Gidanmu ya cika: ɗalibai daga Danau Kota da Wangsa Maju, matansu da kulolin abinci, abokan aikinsa 'yan ƙasa, har mai gadinmu da ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido. Kowa ya shigo hannuna yake kamawa. "Nasiru, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

Da aka ɗan ragu na fita baranda, na tarar da Mukhtar yana naɗe tabarmi. Tun safe shi ke shimfiɗa, shi ke zuba shayi, shi ke raka baƙi. Na ce ya zauna ya huta. Ya zauna a ƙasa, tabarmar na kan cinyarsa.

"Ka yi sa'a, Nasiru," ya ce, bai dube ni ba. "Kowa ya san kai ka yi rashi. Ni tun safe babu wanda ya ce mini ya haƙuri. Wani ma tambayata ya yi wa zai karɓi duba aikina yanzu."

Sai a lokacin na tuna cewa Mukhtar bai tashi da uba ba, tun yana goye nasa ya rasu. Na miƙa masa hannu na ce, "Mukhtar, ya haƙuri?" Ya riƙe hannun da hannayensa biyu, ya kifa kansa a kai, ya yi kukan da bai samu wurin yi ba tun ranar Talata. Na bar masa hannun. Ba zan ce kishina ya tafi ba. Har yanzu idan ya fara labarin Abba a daji, ina so ya ci gaba, kuma ina so ya yi shiru.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Ya'u, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa makwanci. Ka sa tausayin da ya yi wa bayinka, masu magana da marasa magana, ya tarar da shi a can. Ka ba Umma juriyar zama a ƙasar da ta zo dominsa. Ka raya Hanifa, ka shirye ta. Ka dafa wa Mukhtar, ka haɗa shi da wanda zai ƙarasa masa abin da Abba ya fara. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani, ka tara mu da shi a Aljanna gaba ɗayanmu, har da Mukhtar. Amma ya Ubangiji, a wannan zaman, ka sa ni ne a kusa da shi. Amin.