Ɓawon Gyaɗa a Rigar Baba

Ina ɗaure taki a bayan babur a Sandamu ƙanwata ta kira: "Yaya, bar aikin nan. Baba ya cika." Na yi salati, na kwance buhun, na kama hanyar Daura.

Babanmu, Malam Sale mai awaki, kowa ya san shi da gaskiya. Idan akuya tana tari, kafin a taya zai faɗa wa mai saye. Yakan ce, "Ni ba na sayar wa mutum abin da zai kwana yana zagina." Ni ne ɗan farinsa, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Kai, wannan."

Bara fitsari ya fara yi masa gardama. Bayan gwajin jini likita ya ce akwai wani ƙullutu ƙarƙashin mafitsarar maza da ciwon daji kan kama, sai an duba shi da sikanin, in an ga abu a ɗebi nama a gwada. Baba ya yi dariya: "Likita, hoton masu juna biyu za a yi min? Wata nawa?"

Ranar hoton na kai shi. A ƙofa ya ce, "Kai, wannan, tsaya nan." Ɗa ba ya shiga inda uba zai kwance wando, na tsaya. Bayan awa guda ya dawo: "Sun ce tsufa ne kawai." Na ga ɓawon gyaɗa a gaban rigarsa. Na yi mamaki, ban tambaya ba.

Wata tara muka yi muna jiƙa masa sassaƙe, har ciwon ya shiga ƙashin baya. Da muka koma aka ce an makara.

Ranar sadakar uku wani tsoho mai gyaɗa ya zo gaisuwa. Ya ce, "Allah sarki, ranar hoton a bencina da ke bayan asibiti ya zauna, bai shiga an yi masa ba. Da ya ji ta dubura ake sa na'urar, ya ce ba da furfurarsa ba."

Baba, ka faɗi aibin akuya, ka ɓoye mana naka. Ni da na ga ɓawon nan ma kunyar ce ta rufe min baki. Ina so in ce na yafe, zuciyata ba ta kai ba tukuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Inna da ƙannena haƙuri. Ni kuma Ya sanyaya min, in iya yi maka addu'a ba tare da na tuna bencin nan ba.