Sitacin Rigata a Ɗakin Bincike

A zamanin ƙuruciyata, duk abin da zai ba da haske sai ya ƙone, ko aci-balbal ne ko fitilar ƙwai. Na yi aikin tafinta a Khartoum da Alƙahira da Jidda, kuma ko'ina na tarar gawayi baƙi ne. Sai da na tsufa na zo Doha, na ga danginsa yana walƙiya a cikin kwalba ba tare da wuta ba.

Na sauka a unguwar Bin Omran wajen ɗiyar ƙanena da mijinta. Tana karatun digiri na uku a ilimin sinadarai. Aikinta shi ne dafa sinadarin tsamin lemo da yuriya, irin ta taki, har su zama wasu ƙwayoyi na kabon, dangin gawayi, da ido ba ya iya gani. Idan suna cikin ruwa aka haska su da tocila irin wadda ake duba fasfo da ita a filin jirgi, sai su yi shuɗi tar. Ta ce abin da ya manne a jikin kowace ƙwaya shi ke sa launin ya karkata, wani lokaci har zuwa kore.

Matsalar ita ce da sun bushe sun zama gari, sai hasken ya mutu. Malaminta kuwa ya ce idan garin bai yi haske ba kafin ƙarshen zangon karatun, khalas, shi ke nan, ba za a ƙara mata wa'adi ba.

"Me ke kashe shi?" na tambaye ta.

"Cunkoso, Baffa. Idan suka manne, kowace sai ta miƙa wa maƙwabciyarta ƙarfin da ta samu, har ya ƙare a zafi."

"Kamar motar haya a Alƙahira ke nan. Kowa na ture kowa, ba mai motsi."

"To ni kwandasta nake nema," in ji ta.

Wata Alhamis na tashi zan sa wa babbar rigata sitaci saboda Juma'a, na tarar babu ledar sitacin. Na duba ko'ina. Da la'asar ɗiyar tawa ta shigo ko takalmi ba ta cire ba.

"Baffa, yalla, taso."

"Ke ce ɓarauniyar sitacina?"

"Aro na yi. Na karanta cewa yana raba ƙwayoyin, namu na ɗakin bincike kuma bai iso ba."

Ta sauke labule, ta zuba wani farin gari a faranti, ta miƙo mini tocilar. Na danna. Farantin ya kama da wani kore-kore mai haske, busasshen gari, ba ɗigon ruwa a ciki. Na kashe, na sake kunnawa, na sake. Na yi magana da Larabci, na koma Hausa, ban san me nake cewa ba. Na sa yatsa a ciki in ji ko da zafi, ta buge mini hannu kamar yaro.

"Kowace ta sami wurin zamanta a jikin sitacin," ta ce.

Na je Juma'a da riga laɓo-laɓo, ina ta murmushi a sahu.

Ta maimaita gwajin da sitacin ɗakin bincike, ya fito daidai. Malamin ya ƙara mata wa'adi, kuma daga lokacin duk garin da ta busar yana riƙe haskensa.