Kwaɗon Roba a Tafkin Harlem

Mijina bai taɓa kama kifi a ƙasarmu ba. A cikin birnin Kano aka haife shi, ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan gidansu, shi ma mahaifiyarsa ta hana shi zuwa bakinsa. Sai da ya haura hamsin, gemu ya yi furfura, yana aikin ofis a wata jami'a a New York, sannan Allah ya buɗe masa baiwar su.

Likita ne ya jawo mana. Ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri, ya kuma nemi abin da zai riƙa ɗauke masa hankali daga aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina faɗa masa haka, amma maganar da aka yi a ɗakin girki ba ta da hatimi. Zancen gishiri a asibitin ya baro shi. Na biyun kuwa ya riƙe shi hannu bibbiyu, don dama wani Bature abokin aikinsa ya sha nuna masa hotunan kansa riƙe da kifi yana washe baki.

Ya shigo gida da yamma ya ce, "Hajiya, zan fara kamun bas."

Na ce, "Jirgin ƙasan ya daina aiki ne?"

Ya ce ba bas ta hawa ba, wani kifi ne na ruwan daɗi, kore-kore mai ƙaton baki, kamar ƙaramin giwan ruwa. Ya ce kifi ne mai wayo, ba kowa yake kama shi ba. Na ce to ai ya gamu da daidai shi.

Na ɗauka sanda ɗaya ce da zare da ƙugiya, irin fatsar da yara suke yi a bakin dam. Ashe abin fanni ne. Kwalaye suka fara sallama a ƙofarmu a unguwar Parkchester. Sanda ta farko ta zo, sai aka gano ta cika laushi, aka kawo mai tauri. Mai taurin kuma ba ta dace da ƙarfen naɗe zaren da ya saya ba, sai aka nemo mata nata. Zare ma iri-iri ne, akwai wanda yake nutsewa, akwai mai tasowa, akwai wanda wai kifi ba ya ganinsa. Wannan na ƙarshen ni ma ban gan shi ba, sai da ya harɗe mini ƙafa a falo.

Babban abin mamaki shi ne abincin da ake yaudarar kifin da shi. Ba tana ta gaske ba, ba gurasa ba, duk na roba ne da katako da ƙarfe. Akwai ɗan kifin katako mai leɓe, idan ka ja shi sai ya nutse yana rangaji, a cikinsa har da 'yan duwatsu masu kacau-kacau. Akwai wani mai cokula biyu da suke juyawa suna walƙiya, an ɗaura masa ɗan buje na zaren roba kamar mai shirin rawar biki. Akwai kwaɗo. Tanar roba kuwa jaka-jaka, kowace da launinta. Mutumin da zan canza atamfa sau uku a gabansa bai lura ba, shi ne ya zaunar da ni yana nuna mini bambancin tana mai launin kankana da mai launin kabewa, wai ta farko ta ruwa mai haske ce, ta biyu ta ruwa mai duhu. Na ɗauki ɗaya na shinshina, sai warin tafarnuwa. Ya ce haka ake yin su, an cusa musu gishiri da tafarnuwa don kifi ya riƙe su a baki.

Na ce, "Malam, ashe gishirin da likita ya hana ka a nan ya samu masauki."

Bai yi dariya ba. Yana can yana koyon yadda ake soka ƙugiya a kan tanar, a fito da ita, a sake binne tsininta a cikin jikin, don kada ta maƙale a ciyawa.

Asabar ɗin farko da ya fita, ni da gaskiyata na shirya. Na jajjaga attaruhu da albasa, na daka citta da masoro da kanumfari, na ɗora tukunya. Na ce wa yara yau farfesun sabon kifi za mu sha, ba daskararren kanti ba. Ya dawo wajen azahar, rana ta gasa shi, yana tafe yana ƙasaita kamar sarkin ruwa. Na duba hannunsa, na duba jaka. Ya ciro waya ya miƙo mini. Hoton wani ɗan kifi ne da bai kai tsawon cokalin miya ba.

Na ce, "Ina shi?"

"Na mayar da shi ruwa."

"Ya kuɓuce maka dai."

"A'a, ni na sake shi. Doka ce. Duk kifin da ka kama a tafkunan wuraren shaƙatawa na birnin nan, dole ka mayar da shi. Ƙugiyar ma sai ka danne kunnenta da filaya don kada ta ji masa ciwo."

Na tsaya ina kallonsa. Wato mutum ya nemi lasisi, ya tashi da asuba, ya yaudari kifi da abincin ƙarya, ya huda masa leɓe, ya ɗauke shi hoto ba da izininsa ba, sannan ya ba shi haƙuri ya sallame shi. Ranar ƙwai na fasa a cikin kayan farfesun. Yara suka ci suna tambayar ubansu da Turanci ko kifin ya yi masa godiya.

Haka muka ƙare damina da kaka. Hotuna suka taru, tukunya ba ta taɓa shaidawa ba. Da hunturu ya shigo, tafki ya daskare, na ce alhamdu lillahi za mu huta. Ina. Sai makaranta ta dawo cikin gida. Ya ajiye bokiti a ƙarshen lungun da ya raba ɗakuna, yana tsayawa a falo yana jefa zare don ya faɗa ciki. Duk mai zuwa banɗaki sai ya yi gyaran murya tukuna. Ya cika baho da ruwa yana jan kifin katako a ciki don ya ga irin tafiyarsa. Wata Juma'a na yi kwalliya zan fita, ina ratsa lungun sai na ji mayafina ya tashi sama ya bar ni. Na juya na gan shi yana lilo a kan sanda.

Ya ce, "Kin ga amfanin danne kunnen ƙugiya? Da yanzu ya yage."

Na ce Allah ya saka wa hukumar birni da alheri.

Da zafi ya dawo, wata rana ina yi masa tsiya kamar kullum, sai ya ajiye cokali ya ce, "Hajiya, kina raina abin da ba ki taɓa gani ba. Ki zo mu je sau ɗaya. Idan kin gani kika ce shirme ne, na yarda."

Na ce zan je. Na dama kunu na zuba a fulas, na naɗe wata baƙar leda mai kauri na tura can ƙasan jakata. Doka dokarsu ce, amma ban ga laifin mutum ya fita da shiri ba. Wayata na bar ta a gida tana caji.

Muna idar da sallar asuba muka hau jirgi mai lamba shida. Tun daga Parkchester har muka sauka kansa yana cikin waya, yana kallon wasu Turawa a kwalekwale suna koyar da yadda ake jan kwaɗo. Muka taka zuwa tafkin da yake gefen Harlem, a kusurwar babban lambun birnin. Gari ya fara haske, ruwan a kwance luf, gefe guda bado ya rufe shi. Daga nesa ana jin motocin bas na gaske suna wucewa. Na samu benci na zauna da kununa.

Ya fara da tana. Ya jefa, ya bari ta nutse, ya ɗaga kan sanda kaɗan, ya sauke, ya tsaya. Ya ce sirrin yana cikin tsayawar, a lokacin ne kifi yake ɗauka, kuma ba gani ake yi ba, a yatsa ake jin ɗan motsin. Wannan mutumin ne zan kira shi daga kicin har muryata ta dushe bai ji ba, amma yana jin kifi ya shinshina roba a ƙarƙashin ruwa. Launin kankana bai yi ba, aka koma kabewa. Kabewa ba ta yi ba, aka sa mai cokula. Ita kuma ta kamo ciyawa mai yawa, wadda da alama doka ba ta hana tafiya da ita gida ba. Ya ce iska ce ta canza. Can ya ce rana ta yi saurin fitowa. Na ce ko dai kifayen sun tafi hutun ƙarshen mako.

Daga ƙarshe ya ɗaura kwaɗon. Kore ne mai taushi, ƙugiyoyinsa biyu sun kwanta a bayansa suna kallon sama, shi ya sa yake bi ta kan ganyen bado ba ya maƙalewa. Ya jefa shi can tsakiyar badon, ya fara fizgarsa kaɗan-kaɗan yana tsalle daga ganye zuwa ganye. Ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Idan ya kawo cafka ba a ja nan take. Sai ka bari ya rufe baki ya juya, sannan ka ɗaga."

Na buɗe baki zan ce wani abu, sai ruwan ya fashe. Ban san yadda zan kwatanta ba, kamar an jefa turmi a rijiya. Kwaɗon ya ɓace. Mijina, mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, ya tsaya cak, ya jira, sannan ya ɗaga sandar da ƙarfinsa. Ta lanƙwashe har na ce za ta karye. Kifin ya shige cikin bado, ya jawo shi, ya sake shigewa. Ya yi tsalle sama yana girgiza kai, bakin nan a buɗe kamar kwano. Ban san lokacin da na tashi ba, kunu ya zube a benci, ina tsaye a bakin ruwa ina cewa ya ja a hankali, ni da ban san komai a kai ba.

Ya durƙusa ya sa babban yatsa a cikin bakin kifin, ya kama leɓen ƙasa ya ɗago shi. Gaskiya babba ne. Ya kai daga gwiwar hannuna zuwa ƙarshen yatsu har ya ɗan wuce, ga tumbi. Na kalli fuskar mijina, na ga wata fuska da rabona da ita tun muna sababbin zuwa ƙasar nan, kafin ofis ya cinye shi.

Na zaro ledata na warware ta.

Ya ce, "Hajiya, don Allah."

Na ce, "Ba kowa a nan. Wancan mai gudun motsa jikin ma ya toshe kunnensa da abin jin kiɗa."

"Ɗauki hoto kawai. Wayar tana aljihun rigata, yi sauri, ba a daɗe da shi a waje."

Na ciro wayar na danna. Baƙi ƙirin. Na sake dannawa. Turawan kwalekwale sun shanye cajin tun a jirgi.

Ya dube ni, ya dubi wayar, ya dubi mai gudun da ya riga ya yi nisa. Na miƙa masa ledar a buɗe, na ce ga hujja mai kyau, wadda za a iya nuna wa mutane a faranti. Ya zuba wa ledar ido har na ɗauka zai karaya. Sai ya zare ƙugiya, ya sa kifin cikin ruwa yana tallafe da cikinsa, har ya farfaɗo ya kaɗa wutsiya ya tafi. Abin da ya rage masa shi ne babban yatsansa da haƙoran kifin suka kankare kamar an goga shi a dutsen kaushi. A jirgi muna komawa yana ta kallon yatsan. Na naɗe ledata na mayar, ban ce masa shirme ba ne, ban kuma ce ba shirme ba ne.

Yatsan ya warke kafin ya gama nuna wa mutane. Bayan 'yan makonni muka je walimar suna a wata unguwa a nan Bronx. Ina cikin mata muna raba waina, na hango shi a cikin maza ya ware hannuwa, kuma na lura kifin ya yi girma sosai tun rabuwarmu da shi. Akwai wani amininsa mutumin Kumasi, direban tasi, wanda ba ya yarda da labarin da ba hoto. Shi ya taso har bakin ƙofar kicin, mijina yana biye da shi. Ya gaishe ni da Hausarsu ta Zango da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Hajiya, Malam ya ce kana wurin. Ka gani da idonka?"

Na ce na gani.

"Ya kai yadda yake nunawa?"

Mijina yana bayansa, hannuwan nan har yanzu a ware, yana yi mini wani kallo irin na mai neman alfarma. Na goge hannuna a tsumma, na matsa na kama hannuwansa biyu na tura su ciki har suka dawo daidai gaskiya. Na duba, sai na ga bayan ƙarya irin tasa gaskiyar ta yi ƙanƙanta da yawa. Na ɗan buɗa su kaɗan.

Na ce, "Kamar haka."

Mutumin Kumasi ya gyaɗa kai ya ce to, tunda daga bakina ya fito ya yarda. Suka koma cikin maza. Washegari Lahadi mijina ya wanke kwanuka ba tare da an roƙe shi ba, ya kwashe tanarsa daga kan kantar da nake ajiye kuka da daddawa. Da yamma ya tambaye ni, a hankali, ko Asabar mai zuwa ina da aiki.